Muryar da Ka Sani Ta Daina Zama Shaida

A farkon watan Fabrairun 2025, wayoyin wasu manyan attajiran Italiya suka riƙa ƙara ɗaya bayan ɗaya. Lambar da ke fitowa ta yi kama da ta ma'aikatar tsaro da ke birnin Rum. Mai kiran yakan ce daga ofishin minista yake, a ɗan riƙe layi. Can sai ga muryar Guido Crosetto, ministan tsaron ƙasar, ɗauke da magana mai nauyi: an yi garkuwa da wasu 'yan jaridar Italiya a Gabas ta Tsakiya, gwamnati na son biyan kuɗin fansa amma ba ta son a ga hannunta, don haka a taimaka a tura kuɗin yanzu, babban bankin ƙasa zai mayar wa kowa da nasa daga baya. Labarin ya zauna daram a kunne, domin ko wata guda ba a cika ba da sako 'yar jarida Cecilia Sala daga hannun hukumomin Iran.

An nemi Giorgio Armani, shahararren mai kamfanin tufafi, an nemi shugaban kamfanin tufafi na Prada, an nemi wasu da dama. Wanda ya faɗa tarkon shi ne Massimo Moratti, dattijon da masu kallon ƙwallo suka sani, tsohon mai ƙungiyar Inter Milan. Ya tura kusan yuro miliyan 1. Shi kuwa Crosetto ko ɗaga waya bai yi ba. Masu bincike sun karkata ga cewa da ƙirƙirarriyar basira aka haɗa muryar, kuma Allah ya taimaki Moratti, 'yan sanda suka riski kuɗin a wani asusu a Holan suka toshe shi kafin a kwashe.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar da ɓarawon ya bi. Moratti ya yi shekaru yana ciniki da manyan duniya, ya san 'yan damfara. Ta tausayinsa aka shige shi, da kuma amanar da ya ba wa kunnensa. Ya ji muryar da ya sani tana cewa rayukan mutane na hannunsa. Mu da kalmar "kuɗin fansa" ta zama abin da muke ji safe da yamma daga Zamfara zuwa Katsina da Neja, ya kamata wannan labari ya hana mu barci fiye da yadda ya hana Italiyawa.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Na'ura takan saurari muryar mutum ta tsinci abin da ya bambanta ta da ta kowa, kaurinta ko sirantarta, inda take hawa da inda take sauka, yadda harshensa ke taɓa haruffa. A da sai an tara mata awoyi masu yawa. A watan Janairun 2023 masu bincike na Microsoft suka nuna wata manhaja mai suna VALL-E wadda daƙiƙa 3 kacal ta ishe ta. A Maris na 2024 kamfanin OpenAI ya ce tasa manhajar daƙiƙa 15 take buƙata, amma ya ƙi sakinta ga jama'a don tsoron abin da za a yi da ita. Wasu ba su yi wannan kara ba. Yau irin waɗannan manhajoji sun cika intanet, wasu kyauta, wasu da kuɗin da bai kai na buhun siminti ba a wata.

Mun daɗe muna kwantar wa kanmu da hankali cewa na'ura ba ta iya Hausa ba. Da gaskiya a ciki, domin idan ka rubuta mata ta karanta, sau da yawa takan karya karin sauti, ta kasa bambanta garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo. Sai dai akwai hanya ta biyu wadda ba ruwanta da wannan matsala. Mutum ne zai yi maganar da bakinsa, da Kanancinsa ko Sakkwatancinsa, da karin maganarsa da tarinsa, na'ura kuma aikinta kawai ta cire wa maganar rigar muryarsa ta saka mata ta wani. Haka aka yi a Sudan a 2023. Yaƙi na ci tsakanin sojoji da dakarun RSF, ba a ji ɗuriyar hamɓararren shugaban ƙasar Omar al-Bashir ba, sai wani shafi a TikTok ya fara sakin abin da ya kira muryoyinsa na sirri, dubun-dubatar mutane suna saurare. Binciken BBC ya gano cewa wasu daga ciki maganganun wani mai sharhin siyasa ne da ya yi kwanaki kaɗan kafin nan, aka juya su zuwa muryar tsohon shugaban. Da Larabcin Sudan aka yi wannan, kuma babu abin da zai hana a yi shi da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci.

Fuska ma ta bi sahu. A Janairun 2024 wani ma'aikacin kuɗi a ofishin Hong Kong na kamfanin injiniyoyi na Arup ya sami saƙo daga babban jami'in kuɗi da ke Ingila kan wata hulɗa ta sirri. Zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi zargin damfara ce. Sai aka gayyace shi taro ta bidiyo, ya shiga ya tarar da jami'in da sauran abokan aikin da ya sani, fuskokinsu da muryoyinsu. Duk na bogi ne, shi kaɗai ne ɗan Adam na gaskiya da ya sani a wurin. Ya tura dalar Hong Kong miliyan 200, kimanin dalar Amurka miliyan 25, sau 15 zuwa asusu 5. Kamfanin ya ce babu wata kwamfutarsa da aka yi wa kutse. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma da wannan hikimar mutumin ya yi aiki. Ya ji bai yarda ba, da ya gani sai ya yarda.

In ka jera waɗannan labarai za ka ga abu guda yana maimaita kansa. Kullum babba ne ke kiran na ƙasa da shi, kullum da gaggawa, kullum ana cewa kada kowa ya ji. Mu kuwa tarbiyyarmu ta gina yaro a kan kada ya sa babba maimaita magana. Wane ƙaramin akawu ne zai ce wa kwamishina, "Ranka ya daɗe, bari in kashe in sake kira in tabbatar kai ne"? Wane kofur ne zai faɗa wa kanar haka? Ladabin da muke taƙama da shi, wanda kuma ya cancanci taƙama, shi ne ɓarakar da ake nema.

A nan maganar take tashi daga damfara ta koma tsaron ƙasa. A tsakiyar 2025 wani ya buɗe shafi a manhajar Signal da sunan Marco Rubio, sakataren harkokin wajen Amurka, ya tuntuɓi aƙalla mutum 5, cikinsu har da ministocin harkokin waje 3 da gwamnan jiha da ɗan majalisa, wasu ya bar musu saƙon murya da muryar Rubio. Wanda ya yi irin wannan ba lallai kuɗi yake nema ba. Kalma ɗaya da minista zai saki yana zaton da abokin aikinsa yake magana ta fi dala miliyan daraja ga hukumar leƙen asirin wata ƙasa. A ranar 5 ga Yunin 2023 kuma masu kutse suka shiga wasu gidajen rediyo a yankunan Rasha da ke kusa da iyakar Yukren, suka saka muryar Putin yana ayyana dokar soja yana cewa jama'a su tashi su gudu. Sai da fadar Kremlin ta fito ta ce ƙarya ne.

Duk wanda ya san tarihin juyin mulki a yankinmu ya san me ya sa wannan ya fi komai tayar da hankali. Nzeogwu ya yi magana ta gidan rediyon Kaduna a Janairun 1966. Dimka, ranar da aka kashe Murtala, 13 ga Fabrairun 1976, gidan rediyo ya nufa a Legas. Orkar ma haka a Afrilun 1990. A Yamai daren 26 ga Yulin 2023, sojoji ta talabijin ɗin ƙasa suka bayyana. Dalilin ɗaya ne: barikoki da yawa ba sa motsi sai sun ji wa ke da iko, kuma wanda ya riƙe makirufo na awa biyu ya riƙe rabin ƙasa. A da sai ka tanadi sojoji da motoci ka kwace ginin. Yanzu ginin yana aljihun kowa, kuma muryar da za a saka a ciki ba sai mai ita ya yarda ba.

Akwai wani abu da ya faru a Najeriya wanda nake ganin ba mu ba shi haƙƙinsa na tunani ba. Ranar 23 ga Nuwamban 2009 aka fita da marigayi Umaru Musa 'Yar'adua zuwa asibiti a Jidda. Bai miƙa wa majalisa takardar da sashe na 145 na tsarin mulki ya tanada ba, wadda za ta ba mataimakinsa riƙo. Makonni suka shuɗe babu hoto, babu murya. Jita-jita ta cika gari, wasu na cewa ya rasu, wasu na cewa ba ya gane kowa. Ranar 12 ga Janairun 2010 BBC ta saka wata gajeriyar hira da shi ta waya. Murya ce mai rauni, ya ce yana samun sauƙi, ya yi wa 'yan ƙwallon ƙasa fatan nasara a gasar da ake yi a Angola. Na tuna yadda aka yi ta musu a majalisu da wuraren mai shayi, wannan na rantsuwa muryarsa ce, wancan na cewa an sa wani ya kwaikwaya. Ranar 9 ga Fabrairu majalisar dokoki ta ƙasa ta ɗauki wannan hira a matsayin sanarwar da shugaban ƙasa ya yi cewa ba shi da lafiya, ta jingina da ƙa'idar larura, ta ayyana Goodluck Jonathan a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa.

Wato murya ta waya, ta 'yan mintoci, ta taɓa zama ginshiƙin da aka ɗora sauyin mulki a ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a Afirka. A lokacin abin da ya riƙe maganar shi ne mutuncin gidan rediyon da ya yi hirar da kuma sanin cewa kwaikwayon murya har ya ruɗi ƙasa baki ɗaya abu ne mai wuya. Na biyun ya rushe. Da yau abin ya faru, kafin azahar za a iya samun muryoyin shugaban ƙasa guda uku suna yawo a WhatsApp, ɗaya na miƙa mulki, ɗaya na cewa bai miƙa ba, ɗaya na kiran sojoji, kuma ta gaskiyar ba za ta fi sauran ƙarfi a kunne ba.

Wannan shi ne ɓangaren cutar da aka fi mantawa da shi. Ƙarya na samun shiga, gaskiya kuma na rasa mai karɓarta. Wasu malaman shari'a biyu a Amurka, Robert Chesney da Danielle Citron, sun kira shi ribar maƙaryaci: da zarar kowa ya san ana iya haɗa murya, duk wanda aka kama da maganar da ya yi da bakinsa sai ya ce na'ura ce. A Gabon, shugaban ƙasar na lokacin, Ali Bongo, ya sami shanyewar ɓarin jiki a Saudiyya a Oktoban 2018, aka yi ta ɓoye halin da yake ciki. Da aka fito da bidiyonsa na sabuwar shekara, fuskar a sanƙare, sai masu adawa suka ce haɗi ne. Ba a taɓa tabbatar da hakan ba, amma ranar 7 ga Janairun 2019 wasu sojoji suka kwace gidan rediyon ƙasa a Libreville suna kafa hujja da jawabin. Mu ma mun ɗanɗana. Bayan marigayi Buhari ya yi fiye da kwana 100 yana jinya a Landan a 2017, labarin cewa ya rasu an maye gurbinsa da wani Jubril ɗan Sudan ya yi ƙarfi har sai da shugaban ƙasa ya tsaya a gaban 'yan Najeriya a ƙasar Folan a Disamban 2018 yana tabbatar musu shi ne da kansa. Ko na'ura ɗaya ba a yi amfani da ita a nan ba. Shirun gwamnati ne ya share filin.

Yanzu mu sauko kasuwa. Kwanakin baya na zauna a shagon wani aminina a Kantin Kwari, yana cin abinci da hannu ɗaya, waya a ɗaya. Saƙon murya ya shigo daga wani abokin cinikinsa na Maraɗi: "Alhaji, barka da kasuwa. Yaron nan zai zo, a ba shi dila biyu na shadda, zan turo ranar Laraba." Ya saurara sau ɗaya, ya ɗaga kai ya ce wa yaron shago a fito da kaya. Na tambaye shi ko ba zai kira ya ji ba. Ya dube ni da mamaki ya ce shekara 14 suna tare, ko cikin barci ya ji muryar nan zai gane ta. Kayan miliyoyin naira suka fita a kan magana ta daƙiƙa 20, babu takarda, babu sa hannu. Haka kasuwancinmu yake tafiya daga Kano zuwa Agadas zuwa Kumasi, kuma kyakkyawan abu ne, domin ya ba wanda bai yi boko ba damar yin ciniki da duniya. Gwaggona ba ta karanta ko harafi ɗaya na boko, amma da saƙon murya take tafiyar da adashi da bikin dangi da gaisuwar rasuwa. Duk wannan gini a kan yarda da murya yake tsaye.

Su wa suka fi sauƙin a kwaikwaya a cikinmu? Malamai. Babu wanda ya kai su yawan murya a intanet, tafsirin azumi na shekaru, huɗubobi, amsoshin tambayoyi, duk a sarari kuma da sauti mai kyau. Babu kuma wanda maganarsa ta kai tasu saurin motsa jama'a. Ka ɗauki gari mai tarihin rikici irin Jos ko Kaduna, daren Juma'a, a saki muryar malamin da ake ji da shi yana faɗin abin da bai faɗa ba game da wata ƙabila ko wani addini. Kafin ya farka ya ƙaryata, abin da zai ƙone ya ƙone. Ga kuma iyalan da aka sace musu mutum, waɗanda abin da suke riƙe da shi kawai shi ne a ba shi waya su ji muryarsa su san yana raye. Zuciyata takan karaya in na tuna cewa ko wannan ɗan abin da ya rage musu ana iya ƙirƙirarsa.

To, mene ne mafita? Mutane da yawa na jiran na'urar da za ta gane ta bogi. Akwai su, amma tsere ne da ba ya ƙarewa, kuma sun fi ƙarfi a kan Turanci da sauti mai tsabta. Muryar da ta bi ta WhatsApp sau goma, aka matse ta, aka naɗe ta da hayaniyar babur a baya, ta riga ta zubar da yawancin alamomin da ake dubawa. Tarayyar Turai ta sa doka a riƙa yi wa abin da na'ura ta haɗa lamba, Chaina ma ta fara tilasta hakan a Satumban 2025. Wannan zai yi aiki a kan kamfanoni masu suna da adireshi. Ɓarawo ba zai yi wa kayansa lamba ba.

Abin da nake tsoro shi ne gwamnatocinmu su ɗauki hanyar da suka saba. Muna da dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024, kuma sashe na 24 nata ya fi shahara wajen kama 'yan jarida da masu suka, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. An rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. An katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021. A Mayun 2024 aka so cire kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin da jama'a ke turawa da sunan harajin tsaron intanet, sai da aka yi ca kafin a dakatar. Kama ɗan jarida yana rage mutanen da jama'a za su yarda da su ranar da ake buƙatar wanda zai ce wannan murya ƙarya ce. Katse layi kuma yana hana mai gaskiya kira ya tabbatar.

Abin da ya yi aiki a zahiri ya fi wannan sauƙi. A Yulin 2024 wani babban jami'in kamfanin motoci na Ferrari ya sami kira da muryar shugaban kamfanin, Benedetto Vigna, har da karin harshensa na kudancin Italiya, yana maganar wani ciniki na sirri. Jami'in ya ji wani abu bai yi masa daidai ba, sai ya nemi afuwa ya ce yana so ya tabbatar: wane littafi ne ka ba ni shawarar in karanta kwanakin baya? Nan take aka kashe wayar.

Da na karanta wannan sai na tuna iyayenmu. Idan uwa za ta aiki yaro ya karɓo kuɗi ko zane mai tsada wurin ƙawarta, takan ce, "Ka ce mata alamar ita ce maganar da muka yi jiya a bakin rijiya." Wasiƙun sarakuna da hatimi suke tafiya. Malaman hadisi ba su karɓi magana don ta yi daɗin ji ba, sai sun bi wa ya ji daga wa, kuma ayar Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan fasiƙi ya zo da labari. Waya ce ta sa muka ajiye alama, domin murya ta zama ita ce alamar. Dole a dawo da ita. Ɗan kasuwa da abokin cinikinsa su ajiye kalmar da ba a taɓa faɗa a waya ba. Iyali su yi haka. Kuɗi mai yawa kada ya fita sai an kashe an sake kira ta lambar da aka sani.

A gwamnati da soja kuwa ba zai yiwu a bar wa ƙaramin ma'aikaci ya nemo ƙarfin halin da kansa ba. Sai an rubuta shi a matsayin doka daga sama, cewa umarnin motsa sojoji ko fitar da kuɗi ko sakin fursuna ba ya tabbata da murya ko bidiyo kaɗai, kuma wanda ya tsaya tabbatarwa ya yi aikinsa ne, babu mai hukunta shi da sunan rashin ladabi. Manyan su ne za su fara nuna sun yarda a tambaye su.

Ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro yana da sashen kai ɗauki kan hare-haren intanet, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, na nan, an fitar da daftarin tsarin ƙasa kan ƙirƙirarriyar basira a 2024. Amma zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma a Silobakiya a 2023 kwana biyu kafin ƙuri'a aka saki muryar bogi ta jagoran wata jam'iyya yana shirya maguɗi, daidai lokacin da doka ta hana kafafen labarai maganar kamfe. Idan ƙarfe biyun dare aka saki muryar shugaban hukumar zaɓe ko ta babban hafsan tsaro da Hausa, mai shayi a Funtuwa yana buƙatar wuri guda da ya riga ya sani, gidan rediyo ko lamba, inda zai ji amsa da harshensa kafin sallar asuba, daga bakin da bai taɓa yi masa ƙarya a kan lafiyar shugaba ko yawan waɗanda aka sace ba.